Ɗakin da Auta Ta Raɗa wa Sunan Ubanta

Sunan mijina ba zai shiga takardar nan ba. Wadda take rubuta mini ta san shi sarai, na ce mata in mun zo wurin ta tsallake. Zamanmu da shi ya haura shekara arba'in, ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, a gabansa ko a bayan idonsa, kuma ba don ƙasa ta rufe shi zan fara yanzu ba. Malam nake ce masa. In wani ya yi sallama da irin sunan, sai in ce ga mai sunan Malam nan. Haka na ga uwata ta yi, haka matan unguwarmu suke yi, in ka cire 'yan kaɗan da waya ta buɗe wa baki.

'Ya'ya shida na haifa, biyar sun watse, kowa da garin da ya riƙe shi. Auta ce ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta kama aiki a can wurin wasu masu haɗa manhaja. Da Malam ya rasu na fita takaba, gidan ya yi mini girma, sai ta roƙi ogansu ya bar ta ta dawo Daura ta riƙa yin aikin daga ɗaki. Ya yarda, amma da sharaɗi: duk ranar da aiki ya tsaya saboda ba ta kusa da ofis, ta tattara ta koma. Sau ɗaya ta faɗa mini sharaɗin nan, tana ɓare gyaɗa tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Na ɗauke shi na ajiye a raina, kullum kuma sai na leƙa shi.

Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin yin salla. Amma ina da ido. Nakan ɗauki faifai in zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina tsintar wake, ita ta ba ni baya tana danne-danne. A kafaɗunta nake karanta aikin. In sun sauka, lafiya lau. In sun hau kusa da kunne, ranar ko abinci ba na tambayarta.

Abin da take haɗawa na ƙananan asibitocin ƙauye ne. A shigar da mai ciki a inji, a shigar da jariri, in ranar awo ko ta rigakafi ta matso sai saƙo ya faɗa wayar gidan cewa gobe a zo. Wannan na gane shi, na kuma yaba, ko da yake ban gaya mata ba.

Wata rana da hantsi tana waya da wani abokin aikinta, sai na ji sunan Malam ya fito daga bakinta. Tsirara, babu Baba, babu marigayi. Ba sau ɗaya ba. Buɗe wane. Shiga cikin wane. Kada ka taɓa mini wane. Sai da waken ya zube.

Na jira ta ajiye wayar na ce, "Ke, da wa kike?"

"Da abokin aikina, Inna."

"Shi ne mai sunan Malam?"

"A'a. Ɗaki ne."

"Ɗaki."

Ta juyo da kujerarta, ta ga fuskata, ta rage murmushin. Ta ce a cikin kwamfutar kowane aiki ana yi masa ɗakinsa, a zuba masa kayan aikinsa shi kaɗai, a ja ƙofa. In ba haka ba kayan wannan aikin sai su cuɗanya da na wancan, tsoho da sabo, a rasa wanda ya ɓata wani. Ta faɗi sunan abin da Turanci, bakina bai ɗauka ba, ita ce ta ce mu bar shi a ɗaki.

Na ce, "Tukunyar magani daban, ta miya daban. Wannan ba sai an je Kano ba. Sunan nake tambaya."

Ta ce da can sunayen banza take sa musu. Sabo, sabo na biyu, sabon sabo. Ranar nan ta zo share tarkace, ta goge na kirki ta bar na wofi, ta yi mako tana gyara. Tun daga ranar take sa musu sunayen mutanen da ba za ta taɓa rikita su ba. Wanda take gwaje-gwaje a ciki, yau a rushe gobe a gina, ta sa masa sunan gwaggonta, ƙanwar Malam, wadda ba ta kwana biyu a kan magana ɗaya. Nan kam na kusa darawa, na danne.

"Shi kuma ubanki me ya yi miki da zai zama ɗakin ajiye kaya?"

"Inna, shi ne wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Duk abin da na sa a ciki yana tafiya daidai."

Na ce to kada in ƙara ji a inda kunnena yake. Sai ta koma turo ƙofa in za ta yi waya. Wannan ya fi muni, don yanzu ina jin sunan ta bayan katako, ga shi kuma ba na ganin kafaɗun.

Da ruwan farko ya sauka aka ce a kai aikin wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye can bayan Mai'adua, dab da iyaka. Ta kwashe ɗakin nan ɗungurungum, da kayansa da sunansa, ta zuba a ɗan filashi mai kamar ɗan yatsa, ta tafi ta juye shi a injin can. Ta dawo da yamma ƙafa duk taɓo tana murna. Ta ce ta ajiye shi a daidai gurbin da yake a nata injin, ya tashi kamar bai san an yi tafiya da shi ba. Ogan ya ce in wannan ya ɗore akwai wasu asibitoci biyar, har wajen garin Babban Mutum, duk ita za ta yi. Biyar. Na lissafa a raina cewa wannan aikin zai ci damina ya ci kaka.

Mako uku aka yi lafiya, sannan abin ya tsaya.

Ba mutuwa ya yi gaba ɗaya ba, da ma hakan ya fi sauƙi in ji ta. Yana buɗewa, ana shigar da mata, amma saƙo ba ya fita. Ma'aikaciyar da ke kula da injin, wadda Auta take kira Sista, sai ta hau wani tudu kusa da famfo kafin ta sami sabis ta turo hoton fuskar injin. Auta ta buɗa hoton da yatsu biyu ta zura masa ido. Ta ce ga sunan ɗakin nan a farkon layi yadda ya kamata, alamar ana cikinsa, to me ya hana? Ta gwada a nata injin, lafiya. Ta sake gwadawa, lafiya. Kafaɗun suka hau suka zauna.

Ta daina turo ƙofa, ta manta da ni. Takan buɗe muryar wayar ta ajiye a tebur don hannunta ya samu danne-danne, ni kuma ina bakin ƙofa da faifaina.

"Sista, kin taɓa wani abu?"

"Ban cire komai ba, ban ƙara komai ba."

"To karanta mini abin da kike bugawa da safe in za ki shiga. Daga farko."

Shiru. Sai can, "Helo? Helo? Malama, ba na jin ki." Ƙit.

Washegari haka. Jibi haka. Za su yi magana mai tsawo a kan sola da batir da ruwan sama, murya tar kamar tana tsakar gidanmu, da an zo karanta mini daga farko sai sabis ya ɗauke. Na ce wa Auta, "Sabis ɗin garin nan yana da wayo, wuri ɗaya yake yankewa."

Ta ce, "Inna, don Allah."

Na ja bakina.

Ranar Laraba ogan ya kira. Ba ya ɗaga murya, irin mutanen nan ne masu yanka a hankali. Ya ce an ce masa mata sun fara tsallake ranar awo tun da saƙo ya daina zuwa. Ya ce ya ba ta zuwa Litinin. In abin bai tashi ba ta dawo Kano, za su haɗa hannu a ofis su duba, sauran biyar ɗin ma daga can za a yi su. Ta ce to, ranka ya daɗe. Da ta ajiye wayar idonta ya tafi kan akwatin da ke saman kabad. Ɗan kallo ne kaɗan, amma na gani.

Ranar ban zauna ba. Na wanke tukwanen da na wanke da safe. Na matsar da randa daga gindin bango zuwa ƙarƙashin rumfa, na ga bai yi ba, na mayar. Na shiga maƙwabta, aka shimfiɗa mini tabarma, na gaisa a tsaye na fito. Na kama kaza zan duba mata ƙafa na manta abin da ya sa na kama ta. Gidan nan na san yadda yake in babu kowa: ka ajiye buta da safe, da magariba ka same ta inda ka bar ta, ba wanda ya ture ta.

Alhamis da sassafe ta rataya jaka. Na riga ta yafa mayafi.

"Ina za ki, Inna?"

"Inda za ki."

"Bayan Mai'adua babu mota fa. Babur ne, ga taɓo."

"Na hau jaki da cikinki wata takwas. Wuce mu tafi."

Daga Mai'adua muka hau babura biyu. Nawa direban surutu ne da shi, yana ta ce mini Hajiya ki riƙe da kyau, na ce ya riƙe hanyarsa ni na riƙe kaina. Sau biyu muka sauka muka taka ruwa. Gwiwata ba ta yafe mini ba har yau.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Mata uku a kan benci, ɗaya da goyo. Gefen ginin akwai darbejiya, a ƙarƙashinta wani dattijo a kan tabarma yana tufka igiya, kuma tagar ɗakin da injin yake a kansa take buɗewa, in ka miƙa hannu za ka taɓa hularsa. Sistar ta fito tarye mu. Yarinya ce, ba ta kai Auta ba, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Tare da ita akwai wata ma'aikaciyar, babba, mai wushirya, wadda tun daga gaisuwa na san bakinta ba ya ajiya.

Auta ta shige ciki ita da mai wushiryar. Ni na zauna a baranda ina murza gwiwa. Sistar ta kawo mini ruwa, ta ɗauki wani kofin ta kai wa dattijon, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ga ruwa." Tana nan durƙushe wani mutum ya wuce da shanu biyu, ya ɗaga murya ya kira dattijon da sunansa yana tambayarsa ya ruwa.

Sunan Malam ne.

Jikina ya yi abin da ya saba yi, na sunkuyar da kai. Da na ɗago na ga yarinyar ta yi irin nawa, har ta ja hijabi ta rufe baki, ta tashi da sauri kamar an watsa mata ruwan zafi. Na tambayi mai goyon da ke kusa da ni, wane ne tsohon? Ta ce surukin Sista ne, uban mijinta, shi ya ba da filin da aka gina asibitin, kullum nan yake yini.

Ban gama haɗiye ruwan ba na ji muryar Auta daga ciki. "An canja masa suna!"

Na shiga. Tana tsaye a kan injin, yatsanta a kan gilashin. Minti biyar ba ta yi ba ta gano abin da ta yi kwana tara tana nema daga nesa. An sauya wa ɗakin suna daga waje. Ta yi bayani da faɗa, ba ni take wa ba amma na tsinta. Ashe kowane kayan aiki da ke cikin ɗakin nan an rubuta masa hanyar gida da tsohon sunan. Da aka sauya, suka nemi ƙofarsu suka rasa. Injin kuma bai ce uffan ba, ya ci gaba da nuna tsohon sunan a farkon layi kamar komai lafiya, ya koma yana tsintar wasu tsofaffin kaya da ya tarar a tsakar gida yana aiki da su. Su ne ba su iya aika saƙo ba.

"Sau nawa na tambaye ki? Sau nawa, Sista?"

Yarinyar tana bakin ƙofa, ido a ƙasa.

Na ce, "Me ta sa masa?"

Auta ta duba. "Baba."

Mai wushiryar ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wallahi Malama, laifina ne rabi. Kullum da safe sai ta zauna ta buga sunan surukinta harafi harafi, shi kuma ga shi nan a taga yana tari. Ni kuwa in ce, amarya, an tashi Baba? Kin kira shi ya amsa? Ranar nan na ce in ta gama ta buga na mijin ma mu ji. Sai da ta yi kuka. Ni na ce mata ta sauya, suna ai ba ya hana aiki."

"Ya hana!" in ji Auta. "Ga shi ya hana! To da na ce ki karanta mini fa?"

Yarinyar ta buɗe baki da ƙyar. "In na karanta sabon za ki tambaye ni ina tsohon. In faɗe shi, Malama? Yana jin mu."

Duk muka kalli taga. Hular tana nan, igiyar tana tafiya.

Auta ta ja kujera ta zauna. Ta ce magana ta ƙare, za ta mayar da sunan yadda yake, ta kulle shi yadda ba mai iya taɓawa, ta rubuta wa oga cewa daga nan aka yi taɓe-taɓe, ba daga aikinta ba ne.

Na ce, "Taso."

"Inna, ina aiki."

"Na ce taso."

Na kai ta bayan ginin inda ake ƙona shara. Ba zan yi ƙarya a takarda ba: ba tausayin yarinyar nan ne ya fitar da ni ba, ko da yake na tausaya mata. Kaina nake ji, kada Auta ta koma Kano.

Na ce, "Ki mayar, ki kulle. To. Jibi sai ta ce miki injin ya ƙi tashi, ta koma littafi da biro, ke kina Daura kina buɗa hoto da yatsu. Wa zai kira ki ranar in ba oganku ba?"

"Aikin asibiti ne fa, Inna, ba gidan miji ba."

"Ita a gidan miji take. Ba ki ga inda tagar take ba? Sauran biyar ɗin kuma, nuna mini ƙauyen da babu mai sunan nan. Duk inda kika je akwai wadda mijinta ne, ko surukinta, ko ɗanta na fari. Ke kika girma a gidana, kin taɓa jin na kira babban yayanku? Ki ɗauki sunan da rabin ƙasar nan ke amsawa ki ce mata su riƙa buga shi kafin su karya kumallo."

"Ban yi tunanin haka ba."

"Na sani. Kano ta cire miki."

Ta juya mini baya tana kallon gonar mutane. Can ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Shi kaɗai ne wurin da ya rage ina kiransa kullum."

Ni ba mai rarrashi ba ce, 'ya'yana sun sani. Na ce, "Ni da ban taɓa kiransa ba, kin ga alamar na manta shi?"

Ta share fuska da gefen mayafi, ta wuce ni ta koma ciki.

Na ɗauka abu ne na ɗan lokaci, a goge suna a sa wani. Ashe ita ma ba ta isa ta sauya shi haka ba, abin da ya kama Sista zai kama ta. Sai an gina sabon ɗaki daga tushe a kan injin can. Tana aikin tana yi wa kanta faɗa, ta ce tun farko ganganci ne kwaso ɗaki ɗungurungum daga inji zuwa inji. Abin da ake ɗauka shi ne jerin kayan, kowane da irinsa da shekarunsa, a rubuce, in an je a gina a zuba. Ita kuwa ta yarda da ɗakin nan har ba ta taɓa zama ta sabunta jerin ba. Sai da ta buɗe nata injin ta fitar da sabon jeri, ta bi layi layi tana dubawa.

Sannan kayan sai an jawo su ta sabis. Ta ɗauki injinta ta hau tudun famfo, ta dawo, abu ɗaya ya ƙi, ta sake hawa. Azahar ta yi, muka yi salla a baranda. Gabas ta fara haɗa baƙi. Masu baburan suka zo suka tsaya, nawa yana cewa Hajiya in rafin nan ya cika sai dai ku kwana. Na ce ya je ya gaya wa hadarin. Na zauna, na tashi, na zagaya ginin, na dawo na tarar da ita ta hau tudun karo na uku, iska tana kaɗa mata mayafi, ta ɗaga injin sama kamar mai shanya.

Da ta sauko ta tsaya a kan Sistar. Muryarta ta sauka. "Wane suna za ki iya faɗa da ƙarfi, taga a buɗe?"

Yarinyar ta kalli mai wushirya, ta kalle ni.

Mai wushiryar ta ce, "A sa masa sunan tsohon mijina, kowa ya buga shi da ƙarfi."

Na ce, "Ke, rufe mana baki. Me ake yi a ɗakin?"

"Awo," in ji Sistar.

"To."

Auta ta buga Awo. Ta sa yarinyar ta zauna ta shiga da hannunta, ta fita, ta sake shiga. Ta ce saƙonnin sai da safe suke fita, yau ba za mu san komai ba. Ɗigon farko ya same mu a kan babur. Ta bayan darbejiya na ga dattijon yana naɗe tabarmarsa, bai san an yi yini guda a kansa ba.

Juma'a da safe ina shara wayar ta yi ƙara. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sistar ce daga kan tudu, tana haki, ta ce sun fita, mijin wata ma har ya zo tambaya ko gobe ne ko yau. Auta ta ce alhamdu lillahi. Na ci gaba da sharar inda na riga na share.

Ban san abin da ta rubuta wa ogan ba. Na tambaye ta ko ta sa yarinyar a ciki, ta ce ta rubuta cewa yadda aka kai ɗakin ne ba daidai ba, an gyara, an kuma rubuta jerin da za a gina shi a kowane inji. Litinin da hantsi ya kira. Na matso da faifaina har cikin ɗakin, ba ta ce in fita ba. Ya ce ya ga saƙonni suna tafiya, madalla. Ya ce jerin nan ya yi masa, ko wani aka tura yanzu zai iya. Na daina tsintar waken, don in kowa zai iya, me zai riƙe ta a Daura? Sannan ya ce ta ci gaba da sauran biyar ɗin daga Daura tunda ta fi kusa, in damina ta ƙare sai su sake zama su duba.

Ta ajiye wayar ta yi miƙa, ta ce, "Inna, kin ji? Ina nan."

Na ce na ji. Na yafa mayafi na fita ƙofar gida. Maƙwabcinmu manomi yana wasa fartanya a kan dutse, na gaishe shi, na tambaye shi ruwan bana saura mako nawa ya ɗauke. Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce wannan ai sai Allah, Hajiya. Na ce na san sai Allah, shi a ganinsa nake tambaya.